Amsa: J-Hope ɗan rawa ne ko mawaƙin rap?

'Yar'uwa, kin tambaya ko J-Hope na BTS, ƙungiyar mawaƙan nan bakwai ta Koriya ta Kudu, asalinsa ɗan rawa ne ko mai rap. Da rawa ya fara. Sunansa na yanka Jung Ho-seok, an haife shi a Gwangju, Koriya ta Kudu, ranar 18 ga Fabrairun 1994. Tun yana ɗan makaranta yake taka rawar titi da wata ƙungiya mai suna Neuron, yana cin gasa, kafin kamfanin Big Hit ya ɗauke shi a 2010.

Rap kuwa daga baya ya koya, a wajen RM da Suga, abokan waƙarsa a BTS, kuma abin da ya fi burge ni ke nan. Mutum ya shigo ba ya iyawa, ya dage har ya fitar da waƙoƙinsa shi kaɗai a 2018. Ki kula da ƙafafunsa idan suna rawa su bakwai, ba ya saɓa wa kiɗa ko kaɗan. Shi ne ma yake gyara wa sauran taku a wajen atisaye.

Shirun da aka ji ya yi a baya kuwa, aikin soja na dole ya tafi a Afrilun 2023, ya kammala a Oktoban 2024.