Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Hana Katsina Samun Sanata Mace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce a Daura. Duk ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo a rumfarmu, amma ban taɓa jin sanata mace daga Jihar Katsina ba. Shin doka ce ta hana, ko kuwa mu matan ne ba ma zaɓen 'yan'uwanmu?
Daga wata mai karatu, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Babu dokar da ta hana. Abin da tsarin mulkin 1999 ya gindaya wa mai neman kujerar sanata shi ne ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 35, yana da ilimin sakandare ko makamancinsa, sannan wata jam'iyya ta tsayar da shi. A wannan sharaɗi na ƙarshe ne gizo yake saƙar.

Abin da kika lura da shi gaskiya ne, domin daga 1999 zuwa zaɓen 2023 maza ne kaɗai suka wakilci shiyyoyin Katsina, Daura da Funtuwa. A ƙasa baki ɗaya ma lamarin bai sauya zani ba. Cikin kujeru 109 na Majalisar Dattawa, mata 3 ne suka shiga a 1999, suka kai 9 a 2007, sannan a 2023 aka sake komawa 3, wato Ireti Kingibe daga Abuja, Idiat Adebule daga Legas da Ipalibo Banigo daga Ribas, kafin kotu ta tabbatar wa Natasha Akpoti-Uduaghan kujerar Kogi ta Tsakiya, ta zama ta huɗu.

Ban yarda cewa laifin masu jefa ƙuri'a ba ne. Zainab Kure a Neja, Nenadi Usman a Kudancin Kaduna, Aisha Jummai Alhassan a Taraba, da Binta Masi Garba da Aishatu Binani a Adamawa, duk da ƙuri'un maza da mata na Arewa suka je majalisa. Ki tuna kuma cewa tambarin jam'iyya kike dangwala wa yatsa, kuma tun watanni kafin ki shiga layi aka gama yanke wanda zai ci gajiyar wannan tambari. Ana yanke shi ne a zaɓen fitar da gwani, inda a zaɓukan baya daliget, wato wakilan jam'iyya, suka saba jefa ƙuri'a, ko kuma ta hanyar masalaha, inda manyan jam'iyya ke zama cikin dare su fito da suna guda. Mace ba kasafai take samun wurin zama a irin wannan ɗaki ba. Muƙamin da aka saba ware mata shi ne na shugabar mata, wadda aikinta shi ne ta tara mata ranar gangami, ta raba atamfar anko, a rangaɗa guɗa idan ɗan takara ya hau mumbari.

Ga kuma batun kuɗi. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin sanata a kan naira miliyan 20, kuma ko da yake an yi wa mata rangwame, fom shi ne mafi ƙarancin abin da za a kashe. Shiyyarku ta Daura ƙananan hukumomi 12 ce, daga Baure har Kankiya, kuma a kowace mazaɓa akwai daliget da 'yan jam'iyya da ke jiran a gaishe su da abin hannu. Idan aka haɗa da tsoron ƙauraye, da zagin da ake yi wa matar aure da ta fito siyasa, da gorin "ai ba 'yar nan ba ce" ga wadda ta yi aure a wata jiha, sai iyalai da yawa su ga gara 'yarsu ta haƙura. Abin mamaki ne a ce haka ake ciki a ƙasar da tarihin baka ya ce mata sun mulke ta har zuwa Magajiya Daurama, ko da yake ya kamata a tuna cewa sai a 1976 matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a.

TAMBAYA: Ina jin ana zancen ware wa mata kujeru na musamman. Wannan ba zai rage wa maza kujerunsu ba?
Daga wani mai karatu, Ƙofar Soro, Katsina.

AMSA: A'a, Malam. Ƙudurin da Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya jagoranci gabatarwa ya nemi a ƙara sababbin kujeru ne, ɗaya ga kowace jiha da Abuja, waɗanda mata kaɗai za su nema. Majalisa ta yi watsi da makamancinsa a watan Maris na 2022. A ganina gyaran yana da amfani, sai dai muddin fitar da 'yan takara yana hannun manyan jam'iyya, matan manya da 'ya'yansu ne za su fara cika kujerun. Kuma tun da gyaran tsarin mulki ne, sai ya sami kashi biyu bisa uku a majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun dokoki na jihohi 24 cikin 36, wanda ke nufin 'yan majalisar dokokin Katsina su 34 ma za a nemi ƙuri'arsu.