Kitson ƙarin gashi da ƙaiƙayin kai

'Yar'uwa daga Garwa, kin ce kwana uku da yin kitso da ƙarin gashi kanki ya fara ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso a gaban goshi. Matsala biyu ce a nan.

Ƙurajen gaban goshi daga tsananin ja ne: makitsiya ta ja da yawa. Kada ki jira ya saki da kansa, ki tsefe layin gaban yau. Gashin wurin siriri ne, idan ana yawan jansa saiwar takan mutu, ba kuma mai da zai dawo da shi.

Ƙaiƙayin kuwa, sau da yawa daga sinadarin da ke jikin gashin roba ne. Nan gaba ki jiƙa shi minti 20 a ruwan ɗumi kofi huɗu da khal kofi ɗaya, ki ɗauraye, ya bushe kafin a kitsa.

Ki riƙa wanke kai duk kwana 10 zuwa 14, musamman da zafin Maris da Afrilu. Ki sirka shamfu da ruwa a gora, ki bi tsaga-tsaga da tafin yatsa, ban da farce. Ki bari ya bushe sarai kafin ki ɗaura kallabi ko hijabi, don damshi ke kawo wari. Man kaɗanya kaɗan ya isa. Garin shebe na Cadi kuwa gashi ake shafa wa, kada ya taɓa fatar kai.

Kada kitson ya wuce mako shida. In ƙurajen suka yi mugunya, ki je asibiti.