Kafin ka goge wannan manhajar, Habu

Habu, jiya muna rufe shago ka tambaye ni kan laftof ɗin ASUS da yaron nan ya kawo. Ya ce a goge masa Armoury Crate, manhajar ASUS da ta zo a cikinta, wai abokansa sun ce ita ke cinye masa gudu in yana buga gem, kai kuma kana so ka san ko gaskiya ne. Na ce ka bari sai da safe, don ba maganar tsaye ba ce. To ja kujera.

In ka goge ta, yawanci ba za ka ga wani ƙarin gudu na a zo a gani ba. In kuma ka goge da gaggawa, sai ka mayar wa mutum kayansa sun fi yadda ya kawo su sanyin jiki.

Abin da ke zuwa a cikin sabuwar kwamfuta iri biyu ne, kuma nan yara ke ruɗewa. Akwai tarkace: rigakafin McAfee na gwaji da ke ta neman a biya kuɗi, da ƙananan wasanni, da manhajojin talla. Waɗannan ka share, ba sai ka tambaye ni ba. Sai kuma wadda ke riƙe da linzamin injin. A ASUS ita ce Armoury Crate, a HP Omen Gaming Hub, a Lenovo Vantage, a Acer NitroSense ko PredatorSense, a Dell kuma Alienware Command Center. Ita ke faɗa wa fanka ƙarfin da za ta juya, ita ke yanke yawan wutar da za a sakar wa firoseso da katin hoto. In ka sa ta a Turbo, tana buɗe wa injin wuta ne, ta kuma sa fanka ta yi ta ihu don ta kwashe zafin. Ka cire ta ba ka sa madadinta ba, a laftof da yawa ka rasa hanyar shiga wannan matakin ke nan. Wasu na da sauƙi, kamar Lenovo Legion, da Fn da Q ke canza mataki ko babu manhajar, fitilar ta koma shuɗiya ko fara ko ja. Amma kada ka ɗauka kowane haka yake.

Ni kaina na taɓa ƙonewa a nan, shi ya sa nake ja maka kunne. Wani ya kawo min laftof, na goge masa manhajar ban duba matakin da take ba. Ashe ya bar ta a matakin tanadin batir, wanda ke kashe babban katin hoton gaba ɗaya. Na kunna, kati ya ce ɗauke ni inda ka ajiye ni, Windows ba ta ma ganinsa. Har na fara zargin ya ƙone. Sai da na mayar da manhajar, na canza matakin, sannan ya dawo. Wuni guda na ɓata, kuma laifina ne. Tun daga ranar, kafin in taɓa komai sai na duba matakin katin hoto, in kuma duba ko an sa wa batir iyakar caji, kashi 60 ko 80, don shi ma yakan maƙale a haka.

Amma abokan yaron nan ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Danna Ctrl da Shift da Esc ka ga yawan ƙananan ayyukan da irin wannan manhaja ke kunnawa a ɓoye: na fitilu, na sabuntawa, na neman wasanni. A kwamfuta mai RAM (ma'adanar wucin gadi da injin ke aiki da ita) GB 16 da wuya ka ji su. A mai 8 da gem ya riga ya cika ta, ana iya jin 'yar tsaitsayawar nan da hoto ke yi. Ga irin wannan, in ASUS ce, akwai G-Helper, ƙarama ce kuma kyauta, tana riƙe fanka da wuta da katin hoto ba tare da wancan nauyin ba. Ka cire tsohuwar da manhajar cirewa da ASUS ɗin da kansu suka fitar, don ta hanyar Windows takan bar saura. In kuma babbar kwamfuta ce ta tebur, da sauƙi, fanka ana saita ta daga BIOS, wurin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, fitilu kawai za a rasa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne awo. Kada ka yarda da "na ji kamar ta ƙara gudu", ko daga bakinka ne. Sa manhajar awo ta MSI Afterburner ta nuna maka hotuna nawa ke fita a daƙiƙa da kuma zafin injin. Buga gem ɗaya, wuri ɗaya, caja a jone, minti goma sha biyar. Rubuta. Yi canjin, ka sake. In bambancin hoto ɗaya ko biyu ne, iska ce, ko ba ka taɓa komai ba za ka iya ganin hakan.

Kuma in ka auna, sau da yawa za ka tarar ɓarawon yana wani wuri. Firoseson Intel in ya doshi digiri 100 da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone, katin NVIDIA na laftof kuwa tun wajen 87 yake ja da baya. Ka tuna garin da muke. Ƙurar hunturu ta toshe ragar da iska ke fita, man da ke tsakanin firoseso da ƙarfen sanyaya ya bushe, ga zafin bazara a ɗakin da ba wuta, ga mutum ya ɗora ta kan katifa. Wace manhaja za ka goge ta gyara wannan? Sai caja. Laftof da aka yi wa caja mai wat 180 ko 230, an sayo ta hannu an haɗa ta da mai 65, ba za ta taɓa sakin ƙarfinta ba. A kan batir kuwa, in an ɗauke wuta, dama rage gudu take yi da gangan. Sai RAM: sanda ɗaya mai 16 ba ta kai biyu masu 8 gudu ba, don biyun hanya biyu suke buɗewa.

Yanzu ɗauko ta yaron nan. Juya cajarsa ka karanta min wat nawa aka rubuta. Sannan ka yi awon farko kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, ka kawo min takardar. Na kara kunnena jiya na ji yadda fankar ke nishi, ina kyautata zaton in ka buɗe bayanta za ka tarar da ƙura kamar auduga. Riƙe fankar da yatsa in za ka hura, kada iska ta juya ta fiye da kima.