Amsa ga ɗana, ango kuma ɗalibi

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kai da amaryarka kuna cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna amsawa. Ka ce wata huɗu ke nan da ɗaura muku aure, kai kana shekarar ƙarshe a jami'a, ita tana shekara ta biyu, kuma abubuwa biyu sun tsaya maka a rai. Wasu manya sun ja kunnenka cewa a al'ada namiji ba ya buɗe wa matarsa aljihunsa, ba ya kuma zama da ita yana tsara abin da zai yi nan da shekara biyar. Sannan surukinka ya ce zai ci gaba da biyan kuɗin makarantar 'yarsa har ta kammala, kai kuma kana ganin amincewa da hakan zubar da girma ne.

Waɗanda suka gaya maka maganar farko ba ƙarya suka yi ba, domin mu ma da ita aka sallame mu ranar da muka zama magidanta. Sai dai ka duba irin gidan da wannan al'ada ta tashi a cikinsa. Namiji a wancan lokaci ba ya aure sai yana da sana'ar da kowa ya san shi da ita, matarsa kuma ba ta da ranar rufe rajista ko jadawalin jarrabawa da zai ci karo da nasa. Abin da ake nufi da rufe aljihu shi ne kada miji ya ɗora wa matarsa fargabar da ba ta da abin yi a kanta. Matarka kuwa tana da abin yi, kuma rabin lissafin gidanku a hannunta yake ko ka so ko ka ƙi. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285 Miladiyya, ya yi bayani cewa hukuncin da aka gina bisa al'ada yana canzawa idan al'adar ta canza, ya kuma zargi mai ba da fatawa da ya daskare a kan abin da ya tarar a rubuce ba tare da duba halin mutanen da ke gabansa ba. Idan haka abin yake ga fatawa, ina ga nasihar da ake yi wa ango a bakin ƙofa?

Shawara da mace kuma ba baƙon abu ba ne a addini. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta rataya yaye yaro kafin cikar shekara biyu a kan yardar uwa da uba da shawarar junansu. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, lokacin da sahabbai suka yi nauyin jiki wajen yanka hadaya da aski saboda baƙin cikin sulhun, Ummu Salama ce ta ba Annabi (SAW) shawarar ya fita ya fara da kansa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, kuma da ya yi hakan sai kowa ya bi.

Bari in ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Ni ma ina ɗalibi na yi aure, ɗakinmu ɗaya, teburin karatu ɗaya, idan na shimfiɗa takarduna sai gwaggonka ta kwashe ɗinkinta ta koma bakin gado. A shekarata ta uku kuɗin rajistar jarrabawa ya gagare ni. Na yi mako biyu ina zagaya abokai, ina dawowa gida da fara'ar dole, idan ta ce lafiya sai in ce gajiyar karatu ce. Aka rufe rajista, na rasa zangon nan gaba ɗaya. Ranar da na gaya mata ba ta ce komai ba, sai ta tashi ta jawo wani gwangwani daga ƙasan akwatinta ta buɗe a gabana. Ragowar sadakinta ne da abin da ta tara na ɗinki, kuma ya fi abin da nake nema. Har yau idan na tuna yadda ta mayar da murfin gwangwanin nan a hankali, kunya takan rufe ni. Ba ina cewa dukiyarta tawa ce ba, domin sadaki haƙƙin mace ne ita kaɗai kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta nuna, amma na hana ta damar da za ta zaɓa da kanta, kuma jinkirin da ya biyo baya tare muka sha shi.

Saboda haka ku zauna, ku ɗauko takarda, ku rubuta abin da ke shigowa kowane wata da wanda ake sa rai kawai, kuma kada ku haɗa su a layi ɗaya. Ku manna jadawalinku biyu a bango guda, domin makon da take jarrabawa ba makon da za ka cika gida da baƙi ba ne, kuma babu abin da zai ragu a jikinka idan ka ɗauke mata aikin gida a kwanakin nan.

Maganar da ta fi nauyi, wadda ba ka tambaya ba amma na san tana tafe, ita ce ta haihuwa. 'Yan uwa za su fara ƙirga watanni, wasu da wasa wasu da gaske. Haihuwa ta Allah ce, amma lissafi naku ne: ciki kusan mako 40 ne, wato ya fi zangon karatu biyu idan aka cire hutu, ga laulayi da zuwa awo, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6 na farko. Ku san tun yanzu wa zai riƙe yaro lokacin lacca, kuma ita ta binciki ƙa'idar makarantarta game da ɗage zango tun kafin buƙatar ta taso. Na ga mata masu ƙwazo da yawa da karatunsu ya tsaya a nan, ba don miji ya hana ba, sai don babu wanda ya yi tunanin abin kafin ya zo. Haka nan za ka riga ta gamawa da shekara biyu, kuma aiki yana iya kiranka wani gari. Ko za ta bi ka ta nemi canjin makaranta, ko za ku jure nisa na ɗan lokaci, wannan ba shawarar da ake yankewa ranar da takardar ɗaukar aiki ta iso ba ce.

Game da surukinka, abin da malaman fiƙihu suka lissafa a wuyan miji shi ne ci da sha da tufa da wurin zama, gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma daga abin da Allah Ya ba shi. Waɗannan ka riƙe su da kyau, kada ka bari wani ya ɗauke maka su. Uban da ya ɗora 'yarsa a kan karatu kuma yake son ya ga ƙarshensa alkawarinsa yake cikawa, ba gorin talauci yake yi maka ba. Abin da kawai zan ce ka kiyaye shi ne kada taimakon ya zama ƙofar da za a riƙa yanke hukuncin gidanka daga waje, kuma maganin wannan shi ne a fayyace iyakarsa tun farko.

Kada ka amsa masa ta waya ko ta bakin 'yarsa. Ka je da ƙafarka, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka yi godiya, ka ce ka amince da kuɗin makaranta, littattafai da kuɗin mota kuma kai za ka ɗauka, kuma ranar da ka samu aiki za ka dawo ku sake magana. Idan kana jin nauyin zuwa kai kaɗai, ka sanar da ni ranar, sai mu tafi tare. Ka gaishe min da 'yata, ka ce ina jiran sakamakon zangon nan nata kafin naka.

Baffanka.