Amsa: Sabon iyafis mai siririn sauti

Malam, ka tambaya ko ya dace ka mayar da sabon iyafis ɗin da ka saya saboda sautinsa yana fita siriri, babu kauri. Shawarata ita ce ka dakata tukuna, domin haka na ji ranar da na fara sa nawa, har raina ya ɓaci.

Irin wanda ake cusawa cikin kunne ba ya ba da amo mai kauri sai robar bakinsa ta toshe ƙofar kunne sosai, domin idan iska tana fita ta gefe, dirin ganga ne yake fara ɓacewa. Ka duba cikin kwalin, galibi akwai robobi girma uku. Da na cire matsakaiciya na sa babba a kunnen dama, nan take kiɗan ya cika, ƙarar janaretan maƙwabta ma ta ragu. Na hagu kuwa matsakaiciyar ce ta zauna masa daidai.

Kada ka ƙure ƙara don cike giɓin, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Idan ka canza robar amma gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙara, to ka mayar da iyafis ɗin.