Mene ne "mubtazal" da malami ya rubuta a gefen takardata?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Madina. Na yi insha'i na ce wani mai kyauta "teku ne", sai malaminmu ya ja layi ya rubuta "mubtazal". Wani abokina ya ce shi ne "kilishe". Me ake nufi? Karin magana ma tana ciki?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya yi daidai. Mubtazal kalmar Larabci ce, ana nufin maganar da ta sha jiki, an yi ta maimaita ta har ta daina taɓa zuciyar mai sauraro. Kilishe daga Faransanci take, sunan farantin ƙarfe ne da maɗaba'u ke zubawa don su buga shafi ɗaya sau dubbai, daga nan aka ara wa magana.

Amma malaman balaga, wato ilimin fasahar magana a Larabci, sun daɗe da sanin matsalar. Ɗaya daga cikinsu, Alƙazwini, wanda ya rasu a shekara ta 739 bayan Hijira, ya raba kamantawa gida biyu a littafinsa Talkhisul Miftah: na kusa mubtazal, wanda hankali ke cafkewa ba tare da tunani ba, da na nesa baƙo, wanda sai an tsaya an duba. Mai kyauta da teku, jarumi da zaki, fuska da wata, duk na gidan farko ne. Mu ma muna da namu: "son kowa ƙin wanda ya rasa", ko "ciyar da ƙasa gaba" da ba ya barin bakin 'yan siyasa.

Karin magana kuwa, ban yarda a yi mata kuɗin goro ba. In ta faɗa a gurbinta, tsufanta ma ƙarfi ne. Tana zama mubtazal ne idan an jefo ta don cike gurbi kawai. Gaisuwa da addu'a ba sa ciki sam. Alhazai nawa ake ce wa "Allah Ya karɓi ibada" kowace shekara? Ba don burgewa ake faɗa ba, don haka ba ta tsufa.

Ga yadda za ka gwada: ɗauke jimlar ka sa ta a rubutu kan wani mutum dabam. In ta zauna daram, ba taka ba ce. Koma wa mai kyautar nan naka, ka goge tekun, ka rubuta abin da ka gani ya yi: wa ya ba, me ya ba shi, kuma a wane hali.