Amsa ga ƙanena a Damagaram kan mastar injiniya ta intanet

Ƙanena, na saurari saƙonninka na murya, duka ukun. Ka ce shekara biyu ke nan da gama lisans babu aiki, ka ga tallar wata jami'ar Amurka mai ba da mastar injiniyan masana'antu ta intanet, kuma tunda ni ma ita na yi, in biya maka zangon farko, sauran a sayar da filin Baba na hanyar Mirya. Kai ne na huɗu da ya kawo mini wannan magana tun bayan babbar sallah, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambaya ka tura masa.

Gaskiya ne, ta intanet na yi tawa. Abin da ba a faɗa muku a gida shi ne, ranar da na fara karatun shekarata biyar a gaban inji. Na sauka nan Amurka da takardar injiniya a jaka, ina tsammanin ofis. Aikin dare na samu a wata masana'anta a Karolina ta Arewa, daga 11 na dare zuwa 7 na safe, ina ɗora ƙarfe a injin CNC, mai yankan ƙarfe da umarnin kwamfuta, ina saukewa. A wata na biyu na lalata sandunan ƙarfe 40. Zane ya ce kada kaurinsu ya kauce da fiye da 0.02 na milimita, abin da bai kai rabin kaurin silin gashi ba. Ni kuwa da zafinsu na riƙa aunawa, da suka huce suka tsuke. Na san zafi na buɗa ƙarfe, har jarrabawa na ci a kai, amma hannuna bai sani ba. Shugaban aikin dare, wanda ko ƙofar jami'a bai taka ba, ya juye su a kwandon tarkace, ya tambaye ni a gaban jama'a ko a ƙasarmu an taɓa ganin mikromita, na'urar auna kaurin ƙarfe. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Abin da ya fi ƙona mini rai, sau biyu tak na taɓa riƙe ta kafin in bar gida.

To, irin wannan karatu an tsara shi ne don mutumin da ke da masana'anta a ƙarƙashin ƙafarsa. Za a koya maka kula da ingancin kaya ta hanyar ƙididdiga, da tsarin Toyota na rage asara, da yadda ake shirya layin aiki. Sai malami ya ce kowa ya je layinsa ya ɗauki awo na sati biyu, ya gano inda lokaci ke zurarewa. Ni washegari nake zuwa da littafina. Kai ina za ka je? Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011, mai ganga 20,000 a rana, tace mai take yi, ba ƙera kaya ba, kuma ba a shigarta don an ga dama. Masana'antun da suka fi kusa da kai suna Kano, su Sharada da Challawa da Bompai.

Sai kuɗi. Yawanci kiredit 30 ne, wato darasi goma. A jami'o'i da dama kiredit ɗaya na kai dala 1,000, dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta kasuwar Dole ba. Lissafa ka gani, ya haura miliyan 15 na sefa. Ni ban biya duka daga aljihuna ba. Dokar nan ta yarda kamfani ya biya wa ma'aikacinsa har dala 5,250 a shekara ba tare da haraji ba, da wannan na riƙa ɗaukar darasi ɗaya-ɗaya, sauran na cika da awoyin Asabar. Shekara uku da rabi, ina karatu a cikin mota lokacin hutun cin abinci, tsakar dare, da sanyin da ke sa yatsu su ƙi riƙe biro. Ranar da takardar ta zo, layin da na zubar da sanduna 40 ni aka damƙa wa. Wannan ban ɓoye ba, ina alfahari da shi, kuma ba na jin daɗi in na ji ana cewa wai a kwamfuta na samo.

Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba: kana ganin takardar ce za ta fitar da kai. Ba za ta fitar ba. Wanda ke karatu kacokan ta intanet ba a ba shi I-20, takardar da jami'a ke bayarwa don neman biza, babu bizar ɗalibi, babu izinin aikin da ake ba waɗanda suka zauna a aji bayan sun gama. Ga shi jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar lisans ta shekara uku daidai da digirinsu na shekara huɗu, sai an tantance takardunka, sai ka ci jarrabawar Turanci ta TOEFL, kowanne da kuɗinsa tun ba ka shiga ba. Darasin da ake yi a nan ƙarfe 6 na yamma, a wurinku 12 na dare ne lokacin sanyi. Jarrabawa kuma kyamara a kunne ake yinta daga farko har ƙarshe. In kuran ya ɗauke a watan Afrilu, ka san sauran.

Kuma ka bincika makarantar kanta. Wani ɗan unguwarmu ya biya wata makaranta kuɗin shekara guda cur kafin ya gano babu hukumar da ta san da ita. In a gida za ka yi aiki da takarda, ka tambaya ko CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun jami'a, ta amince da ita, ko ma'aikatar ilimi mai zurfi za ta daidaita ta, kafin ko dala ta fita daga hannunka.

Ga abin da zan iya. Zan aiko maka da kwamfuta mai ƙarfin ɗaukar manhajar zane, da mikromita da kalifa, ita ma ta awo ce. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce, ka fara da ita. Ka je wurin masu injin gyaran ƙarfe na cikin gari ka roƙi zama, ko ba za su biya ka ba, ka riƙa zana duk abin da aka kawo gyara, kana auna shi, kana turo mini ina dubawa. Ka nemi istaj ko'ina aka samu, ko Malbaza wurin siminti, ko Kano. In ka shekara a haka, ni zan biya maka darasi guda, mu ga yadda kai da intanet ɗin gida za ku kwashe.

Maganar fili kuwa, na riga na kira Yaya Babba, na ce ban sa hannu ba. Ka gai da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta na tafe tare da kwamfutar.